Sharar Bazara: Yadda Magabatanmu na Zangon Tamale Suke Tarbar Damina



A zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu a nan Tamale akwai wani littafi da muke shigar da ƙararrakin da mutanen unguwa suke kawowa domin a yi musu sulhu. Duk wanda ya bi littafin nan wata-wata zai lura da wani abu. Daga Disamba zuwa Maris, yawancin abin da ke ciki rigimar aure ce, da bashi, da rabon gado. Amma da zarar an yi ruwan farko mai ƙarfi, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, sai shafukan su cika da magana iri ɗaya: ruwan gidan wane ya shiga ɗakin wane, kwatar su wane ta toshe ta mayar da ƙazanta ƙofar masallaci, kwanon wane ya tashi da iska ya faɗa kan rumfar wance. Mun daɗe muna rubuta irin wannan, har wata rana dattijon ya dube mu ya ce, "Malam, duk waɗannan ƙararraki tsintsiya ce da ba a ɗauka ba a watan Maris."

Maganar nan ce ta sa muka zauna da tsofaffin unguwa, maza da mata, muka tambaye su yadda iyayensu suke shirya gida kafin ruwa ya sauka. Abin da suka gaya mana muka haɗa da abin da tarihi ya tabbatar, ga shi muna gabatarwa.

TSAKANIN ƘURA DA RUWA

Kudancin Gana damina biyu gare shi a shekara, amma Tamale guda ɗaya take gani. Ruwa yakan fara a Afrilu ko Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ya ɗauke a Oktoba, kuma abin da ke sauka a shekara kimanin milimita 1,100 ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa mulkin hunturu ne. Iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Sahara, babban kasonta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda busasshen gindin wani tsohon tafki yake, ta zo ta shimfiɗa mana ita. Ƙura ce mai laushi kamar tankaɗaɗɗen gari, tana shiga akwatin da aka kulle, ta kwanta a cikin tufa da aka ninke. A kan wannan sai a ƙara jan turɓayar hanyoyinmu, da baƙar tokar ƙunar daji da iska ke yayyafa wa gari duk rani.

Idan Maris ya kama, hazo ya janye, zafi ya hau har ma'auni ya taɓa 40, to an shiga bazara. Tsakanin janyewar ƙura da saukar ruwa makonni kaɗan ne, kuma a cikinsu ne magabata suke yin babbar sharar shekara. Dalilinsu a fili yake. Wanda ya kakkaɓe gida tun hunturu bai wuce ba ya ɓata ƙarfinsa, domin gobe ƙurar za ta dawo. Wanda kuma ya bari sai hadari ya haɗu sa'an nan ya kwaɓa ƙasar yaɓe, ya yi wa ruwa aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Al'ummomi da yawa suna da irin wannan lokaci. Mutanen Ingila sun saba wanke gida kakaf idan sanyi ya wuce, tun zamanin da hayaƙin kwal da fitilun mai suke baƙanta musu bango. Mutanen Iran suna yin nasu kafin Nauruz, sabuwar shekararsu, suna kiransa da abin da ke nufin girgiza gida. Namu ya bambanta da nasu ta fuska ɗaya, wato bayan kawar da dattin da ya wuce, shiri ne na tarbar ruwan da ke tafe.

Ya kamata kuma a rarrabe shi da sharar Salla. Ita sharar Salla wata take bi, watan Musulunci kuwa yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka takan faɗo a rani, takan faɗo a tsakiyar damina. Aikinta wanke-wanke ne da ƙawa, domin baƙi da 'yan yawon Salla. Sharar bazara kuwa sararin sama take bi, ba ta matsawa, kuma aikinta ya kai har ga ƙashin ginin. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, sai biyun suka haɗu, har matasa da yawa suka ɗauka abu ɗaya ne.

DAGA SALGA ZUWA TAMALE

Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su wannan ƙasa. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya biyo ta Yandi ya sauka Salga a ƙasar Gwanja, inda ake haɗuwa da goron da ya fito daga dazuzzukan Asante. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 kasuwar Salga ta fara ja da baya, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin. Mutane suka bazu zuwa Kete-Karaci, da Yeji, da Kintampo, da Kumasi, da Akra. A cikin waɗanda suka bar Salga har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Kete-Karaci har rasuwarsa a 1934. Da Turawa suka ɗauke hedkwatar mulkin Arewa daga Gambaga suka dawo da ita Tamale a 1907, sai garin ya buɗe wa baƙi: fatake, da mahauta, da maɗinka, da malamai, da tsofaffin sojoji. Dagwamba masu ƙasa suka ba su wurin zama, zango ya kafu.

Kada son kai ya sa mu ce duk abin da aka baro a Salga abin yabo ne. Ana yi mata kirari da garin rijiya dubu, kuma har yau Bahaushe yana kiran masai mai rami da sunan salga, mutane da dama suna danganta sunan da garin. Amma Bafaranshen nan Binger, wanda ya ratsa ta a 1888, ya koka ƙwarai da ƙazantar hanyoyinta. Dalilin bai ɓuya ba. Gari ne na baƙi, yana cika da rani ya rage da damina, kowa yana kula da masaukinsa, abin da ke tsakanin gida da gida kuwa ba shi da mai shi. Haka kuma ba za mu ɓoye ba cewa Salga kasuwar bayi ce, kuma mafi nauyin aikin ɗiban ruwa da itace da kwasar shara a manyan gidajenta bayi ne suke yinsa. Waɗanda suka kafa zango a Tamale sun zo ne da niyyar zama, ga kuma zamanin cinikin bayi ya wuce. Dole aikin ya koma hannun masu gida da iyalansu, dole kuma a san wanda ke da alhakin lungu.

A nan suka tarar da Dagwamba da nasu tsarin: ɗakuna zagayayyu masu jinka kewaye da tsakar gida, da babban ɗakin shiga da suke kira zong, mai kama da zaurenmu. Su ma da rani suke sabunta jinka, matansu kuma gwanaye ne wajen daɓe. Zama wuri ɗaya da auratayya suka sa aikin ya cakuɗa, har ya zama da wuya a ce wannan dabara ta wane ce.

YADDA AIKIN YAKE TAFIYA

Abin da ya fi jan hankalinmu a bayanin tsofaffi shi ne, dukkansu jeri ɗaya suka kawo. Ana farawa daga sama a gangaro ƙasa, ana farawa daga ƙurya a fito waje, ba a kuma cewa an gama sai an kai ga iyakar maƙwabci.

Rufi ne farko, kuma aikin maza ne. Tun da kaka ake yanko shuci a tara, domin idan aka yi jinkiri wutar daji za ta riga mutum. Idan bazara ta zo sai a duba tsaiko, a canja sandar da gara ta ci, a zare ruɓaɓɓiyar ciyawa a sa sabuwa. Ɗora jinka a kan ɗaki kuwa sai an kira maƙwabta, daga nan ne ma aka samo karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu soro su kuma sukan hau su share, su cike tsaga, su duba azara, su zura sanda cikin indararo su tabbata tsuntsu bai yi sheƙa a ciki ba. Indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya tara ruwa a kan soro har ya rufto wa masu barci.

Daga rufi sai bango. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, wasu su haɗa da kashin shanu, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sa'an nan a yaɓe. An fi ba da ƙarfi ga bangon gabas, domin ta nan hadari yake tasowa, da kuma gindin bango inda ruwa ke fantsama yana cin ƙasa. Bayan yaɓe sai a shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi ja-ja baƙi-baƙi, wanda ke ƙarfafa ƙasa ya sa ruwa ya zame a kanta. Itaciyar da ke ba mu kalwar daddawa ita ce ke ba mu makuba, kuma sunan dawadawa da duk Gana ke kiranta da shi daga bakin Hausawa aka same shi.

Sai an gama da sama sa'an nan mata suke shiga ɗaka, domin babu amfanin share ƙasa alhali ana zubo datti daga bisa. Ɗaki ɗaya ake ɗauka a rana, kuma fitar da komai ake yi: gado, tabarmi, buzu, akwatuna, adudu, har abin da aka tura ƙarƙashin gado aka manta. Shimfiɗu a baza su a rana tun hantsi har la'asar, a bubbuge su da sanda. Ƙafafun gado da mahaɗansa a kwarara musu tafasasshen ruwa saboda kuɗin cizo. A ɗaura tsintsiya a dogon kara a sauke yanar gizo. A bi kusurwa-kusurwa ana neman hanyar gara da ramin ɓera, a cusa fasassun kwalabe a liƙe da ƙasa. Yara kuwa ana gargaɗinsu kada su sa hannu a bayan tukunya, domin lokacin kunama ne. Idan ɗaki ya zama fayau sai a shafe shi da farar ƙasa, a bar ƙofa a buɗe ya sha iska, da yamma a turara shi a mayar da kaya. Abin da aka ga shekara ta zagayo ba a taɓa shi ba, in mai amfani ne a bayar, in ya mutu a zubar.

Kayan jere rana guda ake ware musu. Tasoshi da kwalla da langa da mace ta zo da su daga gidansu, a sauke su ɗaya bayan ɗaya, a goge na ƙarfe da toka da lemun tsami, a wanke na fenti da sabulun salo, a shanya, a sake jerawa. A nan ne uwa take nuna wa 'yarta wanda ta gada da wanda ta saya da kuɗin sana'arta. Madafa ita ce ta ƙarshe a cikin ɗakuna saboda kunkunniyar da hayaƙi ya tara a rufinta, a sauke ta, a gyara murhu, a kwashe toka a adana domin wanke-wanke. Rumbu ma a share shi tas kafin a mayar da ragowar hatsi, a sa ganyen dalbejiya saboda ƙwari.

A gidajen malamai akwai ƙarin aiki da ba a barin yaro ya taɓa. Littattafan da warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, ana ajiye su cikin gafaka. Malam da kansa yake fito da su, ya baza a inuwa, ya kaɗe kowace warƙa, ya duba ko gara ko laima ta taɓa, ya jera su bisa kalmar da ke ƙasan shafi, ya ɗaure, ya rataye nesa da bango. Ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami da Jami'ar Gana ta tattara ko ta ɗauki hotonsu a Legon cikin shekarun 1960, irin wannan kulawa ta shekara-shekara ce ta raya su har suka kai lokacin.

Daga ɗaki sai tsakar gida, inda ake daɓe. A zubo marmara a baje, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu tare suna waƙa, yau a wannan gida gobe a wancan, mai gida kuwa nata ta dafa abinci ta kawo goro. Bayan ya daɓu a kwarara makuba a sake bugu, har ya yi santsi yana ƙyalli. Gwanintar daɓe tana ga karkata shi, yadda duk ɗigon da ya sauka a gidan zai gangara ya nufi rariya, kada ya kwanta a gindin bango.

Sa'an nan a juya ga ruwa. Tamale gari ne mai ƙarancin ruwa tun asali, domin dutsen da ke ƙarƙashinta ba ya riƙe ruwa sosai, saboda haka rijiyoyi kan ƙafe da rani a koma ga tafkuna. Wannan ya sa matan da suka ƙware wajen aiki da toka da yashi da rana, ruwa kuwa sai a ƙarshe. Bazara ce lokacin yasar rijiya tun da ruwanta ya yi ƙasa, a kwashe laka da guga da ya tsinke, a ɗaga bakinta kada ruwan sama ya koro datti ciki. Randuna da tuluna a juye su, a cuɗe cikinsu, a kife a rana. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa a Ahalari da Iziyya babin tsarki yana gaba da babin salla, kuma ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da ƙazanta ba ya tsarkakewa. Saboda haka kula da randa bai taɓa zama baƙon abu a gidajenmu ba.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fita daga gida. Magidanta su fito da fartanya da shebur, kowa ya buɗe rariyarsa, ya bi hanyar ruwan yana yashewa har ya haɗu da inda maƙwabcinsa ya fara, shi ma ya kai wa na gaba, har ruwan unguwa ya sami hanya zuwa kwari. Ba a fasa sabuwar rariya ko a juya indararo sai an yi sallama da wanda ruwan zai bi ta wajensa. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan wannan. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, littafi guda ya rubuta a kan hukunce-hukuncen gini, kuma maganar magudanar ruwa tsakanin maƙwabta tana cikin abin da ya tattauna.

ZUWAN SAMASAMA

Turawan mulki sun zo da nasu tsoron. A 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a 1900 kuma aka tabbatar da haka game da shawara. Annoba ta faɗa wa Akra a 1908, bayanta aka kafa sashen tsafta na musamman a ma'aikatar lafiya, a 1911 kuma aka yi dokar yaƙi da sauro. A hankali irin waɗannan dokoki suka iso Arewa. Ma'aikacin da 'yan'uwanmu na Nijeriya suke kira duba-gari, mu a nan samasama muke ce masa, kuma sunan daga kalmar Turanci ɗaya ya fito da sammaci, domin takardar sammaci ce makaminsa. Wasu kuma suna cewa tankas, wato ma'aikacin majalisar gari.

Tsofaffin mata har yau suna tuna shi: kaki, da hular kwano, da dogon ludayi. Ya shigo ya zura ludayin cikin randa ya ɗaga a rana, in ya ga tsutsar sauro sai kotu da tara. Da an hango shi a bakin lungu yara suke rugawa gida-gida suna sanarwa, mata su yi ta tuntsurar da ruwan da suka sha wahalar ɗebowa daga nesa. Magidanta kuma abin yana yi musu ciwo, namiji baƙo ya ratsa zaure ya shiga har inda iyali suke.

Gaskiya ita ce ilimin da ke bayan aikinsa sahihi ne. Sauron shawara a cikin ruwan da aka adana a gida yake haihuwa, yana manna ƙwansa a jikin randa, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Shi ya sa juye ruwa kawai ba ya wadatarwa, sai an cuɗe jikin randar duk mako. Amma yadda aka tafiyar da abin ya bar mana wani miki. Aikin da mutane suke yi domin kansu da maƙwabtansu ya koma abin da ake yi don tsoron tara. Lungu da kwata kuma aka fara kallonsu a matsayin kayan gwamnati. Har yanzu akwai makarantar horar da jami'an tsafta a Tamale, kuma suna iyakar ƙoƙarinsu, sai dai babu adadin ma'aikatan da zai iya maye gurbin magidanci da fartanyarsa.

ABIN DA YA CANJA

Abu uku suka taru suka raunana sharar bazara. Na farko kwano da siminti. Gidan ƙasa ba ya yi wa mai shi kara, in ka ƙi yaɓe bana, bana ɗin zai nuna maka. Gidan bulo kuwa yana iya shekara goma ba a taɓa shi ba yana tsaye, sai aka rasa abin da ke tuna wa mutane cewa lokaci ya yi. Ga shi kuma tsakar gidan da aka malale da siminti ba ta shan ko ɗigo, duk ruwan da ya sauka waje take turawa, ya zama hukuncin sakacin wani yana sauka a kan wani.

Na biyu haya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, wadda aka sanar ranar 18 ga Nuwamba 1969 aka ba marasa takardun zama mako biyu su fice, ta girgiza zangunan Gana, gidaje da yawa suka canja hannu. Garin kuma ya yi ta girma, har ƙidayar 2021 ta sami fiye da mutum 700,000 a Tamale da Sagnarigu haɗe. Gidan da a da mutum ɗaya yake faɗa a ji, yau iyali takwas ne ko goma a ciki, kowa ɗakinsa ƙal, amma makewayi da bakin rariya sun zama marayu. Halin Salga ya dawo mana ta bayan gida.

Na uku leda. Sharar da toka ce da ganye da ɓawo, a kai juji ta ruɓe manoma su kwashe. Ledar ruwan sha da baƙar ledar cefane ba sa ruɓewa, iska ta tara su a kwata duk rani, ruwan farko ya dunƙule su su zama marfi.

Akwai wata ƙara da ba mu manta da ita ba. Wata tsohuwa ce mai ɗakin ƙasa, maƙwabcinta ya sabunta gidansa ya malale tsakar gida, ya fasa rariya ta ɓangarenta ba tare da ya yi mata magana ba, kwatar lungun kuma cike da leda. Daren da aka yi ruwan farko, ruwan ya rasa hanya ya kwanta a gindin bangonta. Allah Ya sa ta ji ƙasa tana zubowa, ta tashi jikokinta biyu suka fita, ba su kai zaure ba bangon ya kwanta a kan shimfiɗarsu. Da aka zauna sulhu mutumin ya ce shi a cikin gidansa ya yi aiki. Dattijon ya ce masa, "Alhaji, gidanka ya ƙare a inda ruwanka ya ƙare." Ya karɓi laifi, ya tayar mata da bango, matasan lungun kuma suka yashe kwatar a yini ɗaya, aikin da da an yi shi a Maris da ba a kai ga haka ba.

Ƙasa baki ɗaya ma ta ɗanɗana. Kwalarar 2014 ta kama fiye da mutum 28,000 a Gana ta kashe fiye da 240, abin da ya sa gwamnati ta ware Asabar ta farkon kowane wata domin tsaftar gari tun daga Nuwamban shekarar. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobara suka haɗu a Akra suka ci rayuka kimanin 150, kuma toshewar magudanu tana cikin dalilan da aka ambata. Amma muna da shaida cewa idan gidaje suka tashi tsaye ana cin nasara. Kurkunu ya daɗe yana kwantar da mutane a wannan yanki, musamman wajen Savelugu, kuma babu allurar rigakafinsa. Tace ruwa da ƙyalle gida-gida, da hana mai ciwon shiga tafki, da samar da ruwa mai kyau, su suka kawar da shi. An ga na ƙarshe a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Gana da rabuwa da shi a 2015.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba muna kira a koma jinka da makuba ba ne. Jerin aikin ne abin riƙewa, domin ya dace da gidan bulo kamar yadda ya dace da na ƙasa.

A fara da rufi. A sa kafinta ya hau ya duba ƙusoshi da katakon da gara ta ci, domin iskar farkon damina ita ce mai yaye kwano a garin nan. A sare reshen da ya rusuno kan ɗaki, a kwashe ganye daga mazurarin ruwa. Ruwan farko da ya sauko daga kwano kada a tara shi don sha, wankin rufi ne.

A cikin ɗaki a bi daga silin zuwa fanka, zuwa gilasan taga da ragarta, sa'an nan ƙasa. A yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma, a yayyafa ruwa kafin shara, domin busasshiyar tsintsiya tayar da ƙura take yi ta koma huhu, mai asma kuma a fitar da shi tukuna. Katifa da kafet a kai su rana. Gidan sauro mai magani kuwa a wanke shi a hankali da sabulu marar ƙarfi a shanya a inuwa, rana tana kashe maganinsa. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke masai, haɗin yana fitar da iska mai guba. A buɗe tagogin da aka toshe saboda hunturu, domin lokacin zafi da cunkoso a ɗaki marar iska shi ne lokacin sanƙarau, wanda ya yi wa Arewa ɓarna tun 1906 zuwa 1908. Shara ba ta maye gurbin allurar rigakafi, amma iska a ɗaki tana taimakawa.

A juye tankin ruwa da durom da jarkoki a cuɗe su, a yi musu marfi. Tsohuwar taya da gwangwani da fasasshen bokiti a kawar da su kafin su tara ruwa. A duba masai ko ya kusa cika a kwashe tun ƙasa tana bushe. A gidan haya, mai gida ko wakilinsa ya tara mutane a rubuta wanda zai yi kaza ranar kaza, a haɗa da samari, kada a bar wa mata kaɗai kamar yadda aka saba. Daga nan a fito lungu. Limamai da masu unguwa su sa rana ɗaya kafin tsakiyar Afrilu, kowane gida ya yashe kwata daga rariyarsa zuwa ta maƙwabcinsa, abin da aka kwaso kuma a kai shi bola a ranar, domin in an tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Muna roƙon 'yan'uwa na Kumasi da Nima da Yandi, da na Kano da Maraɗi, wanda ya san yadda ake yi a wajensu ya ƙara mana, wanda ya ga kuskure ya gyara. Mu dai a nan, burinmu shi ne Mayun bana ya zo ya wuce shafukan littafin nan suna fari.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ruwa da iska. Amin.